Layin da Na Tsallake a Takardar Kilishin Gwaggo Hauwa

A cikin watan nan na Sha'aban Gwaggo Hauwa ta cika shekara goma sha huɗu a ƙasa. A Umdurman ta ƙasar Sudan aka haife ta, a can ta yi aure, a can ta binne mijinta, a can kuma aka binne ta, ba ta taɓa taka ƙasar Najeriya ba ko sau ɗaya. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi mata sadaka in ja bakina in yi shiru. Bana na ga ya kamata in yi magana, domin akwai wani abu da na yi mata wanda ko iyalina ban taɓa faɗa wa ba, kuma mutum ba ya sanin ranar da za a kira shi.

Mahaifinta ƙanen kakana ne. Ya bar Ringim da ƙafa zai tafi Makka, ya yi shekaru a hanya yana noma a gonakin mutane yana ɗinkin hula, har Allah ya sa ya sauke farali. A hanyar dawowa guzuri ya ƙare masa a Umdurman, ya yi aure, ya zauna. Saboda haka ita da mahaifina 'ya'yan wa da ƙane ne, amma ba su taɓa ganin juna ba. Lokacin da na samu gurbin karatu a ɗaya daga cikin jami'o'in Musulunci na Khartum, sojoji sun riga sun yi shekaru a kan mulkin Sudan, ni kuma na haura talatin, ina koyarwa a islamiyya, da mata da 'ya'ya biyu. Ranar da zan tafi mahaifina ya ba ni wata tsohuwar ambulan mai ɗauke da sunan unguwa, ya ce, "Ka nemo min 'yar'uwata."

Ban sha wahalar samun ta ba. Na tsallaka gada zuwa Umdurman a hafla, wato ƙaramar bas ɗinsu, na tambayi wata mai shayi a bakin kasuwa gidan Hajja Hauwa mai kilishi, ta nuna min lungu da leɓe. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni sunan kakana, da sunan uwar kakana, da sunan rijiyar da ke bayan gidanmu. Da na ci jarrabawar sai ta kauce daga ƙofa ta ce, "Shigo ka ci abinci, ka rame." Hausarta irin ta kakata ce, da kalmomin da mu mun daina faɗa, amma idan maganar kuɗi ko mota ko asibiti ta taso sai Larabci ya shigo ba sallama. Tun daga ranar, duk Juma'a a gidanta nake wuni.

Sana'arta kilishi. Mijinta mahauci ne, shi ya koya mata, da ya rasu ta ɗauki wuƙaƙensa ta ci gaba duk da surutun da aka yi cewa ba aikin mata ba ne. Sau uku a mako takan je kwata da sassafe, ta zaɓi cinyar sa da hannunta a wurin wani mahauci, Usmanu, aminin marigayi mijinta. Ta dawo a raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta zauna a tabarma ta feɗe naman falle-falle har kana hango haske ta cikinsa. A shanya a gadon kara a tsakar gida, a rufa gidan sauro saboda ƙuda. Ranar Umdurman ba ta wasa: abin da zai kwana a Ringim bai bushe ba, can kafin la'asar ya yi ƙarau. Sai a tsoma shi a labu, kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono, a sake shanyawa, a ɗan nuna masa wuta. Maƙwabta biyu mata ne ke taya ta. Masu saye kuwa mu ne ɗalibai 'yan Najeriya da Nijar, da masu tafiya Umra, da mutanen unguwa da suka saba da agashe, wato tsiren can, suka gano ashe yana da yaya. A takarda take naɗe shi, ba suna ba lamba. Wanda ya saya ya san ƙofar da zai koma idan bai ji daɗi ba.

A shekarata ta uku hukuma ta matsa a kan wata doka. Duk abincin da aka ƙulle a leda ko gwangwani aka jera a kanti, dole a manna masa dibaja, wato 'yar takarda mai ɗauke da sunan abin, da sunan mai yin sa, da ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, da kuma ƙasar da ya fito. A kan nama aka fi tsanantawa. Dokar ba ta shafi Gwaggo ba, tunda a ƙofar gida take ciniki. Ni na jawo mata.

Akwai wani mai kanti a Khartum, Siddiƙ, a unguwar da ma'aikatan ofisoshin jakadanci da na kamfanoni ke sayayya. Nakan sayi takardar rubutu a kusa da shi, muka saba. Wata rana na ba shi kilishin ya ɗanɗana. Ya cinye, ya lashe yatsa, ya ce zai riƙa karɓa duk mako idan za a sa a leda a manna dibaja. Sannan ya rage murya ya ce, "Amma a wurin ƙasa ka rubuta Najeriya, ya Ustaz. Mutanen da ke shigowa nan ba sa waiwayar abin da aka rubuta wa Sudan. Kayan waje suke so, kuma ba sa tambayar farashi."

Ranar Juma'a na kai wa Gwaggo labari. Ta yi murna da kantin, domin idonta ya fara rauni kuma tana son ta gyara rufin ɗakinta kafin damina. Da na zo kan maganar ƙasa sai ta ajiye wuƙa.

"Habibu, san daga ina yake?"

Na ce, "Daga yamma, wajen Kordofan."

"A ina aka yanka shi?"

"A kwatar nan."

"Gyaɗar fa?"

"Ta nan ce."

"To me ya zo daga Najeriya a ciki?"

Na ce, "Sana'ar, Gwaggo. Kilishi ai namu ne."

Ta yi 'yar dariya. "Hannun ne na Hausa, kuma mai hannun a ɗakin can aka yanke mata cibiya. Ka rubuta Umdurman, Sudan."

Na ce to. Amma to ɗin a baki ya tsaya. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa don rufin ɗakinta na yi, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ita ke nan ba. Mu ɗalibai da muka zo daga gida muna da wani girman kai da ba ma faɗa. Muna ganin mu ne Hausawan asali, su kuwa na can Hausarsu ta koɗe kamar rigar da ta sha wanki. Na ji haushin a ce an rubuta wa kilishi Sudan. Kewar gida ma ta sa hannu, ina son in shiga kanti a Khartum in ga sunan ƙasata a jikin abu mai daraja. Na je wata ƙaramar maɗaba'a a Mantiƙa Sinaiya, tsakanin garejin makanikai da masu walda, na sa aka buga dibaja mai layi huɗu. Na huɗun shi ne ƙasar asali, kuma Najeriya na sa.

Gwaggo ba ta yi makaranta ba. Alƙur'aninta a ka yake, ba ta karanta bugun inji, matan da ke taya ta ma haka. 'Yarta ɗaya da ta yi karatu, Ihsan, tana aure a unguwar Alshajara, ba ta cika zuwa ba. Da na kawo takardun Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da ido, ta shafa ta da babban yatsa, ta ce, "Karanta min in ji." Na karanta mata sunan kilishi, na karanta sunanta, ta yi murmushi, na karanta wurin kwanan wata. Na tsaya a nan. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce Allah ya yi min albarka.

Yanzu idan na shiga kasuwa a nan gida nakan tuna da wannan rana. Mun ga zamanin da ake juye shinkafar gida a buhun waje don a tsawwala mata kuɗi, mun kuma ga zamanin da ake juye ta waje a buhun gida don a wuce shinge. Buhun yana nan, shinkafar ce ke sauya ƙasa gwargwadon inda riba ta karkata. Kajin ƙanƙara ana sauke su a kwali ba rubutu, ka tambayi mai sayarwa daga ina, ya ce daga firji. Zuma kowace kwalba daga Saudiyya take, ko da a bayan gari aka dafa sukarin. Da Gwaggo za ta zaga kasuwar nan, ba na jin za ta yi wa'azi, don ba ta iya ba. Za ta ɗaga buhu ne ta tambayi mai kaya a ina aka noma, ta jira amsa, ta ci gaba da jira har sai ya ji kunya. Sai dai in faɗi gaskiya, akwai abin da zai faranta mata. Yau baƙauyiya takan juya gwangwanin madara ta miƙa wa ɗanta ta ce ya duba mata kwanan wata da inda aka yi. A zamaninmu wannan tambaya sai ma'aikacin hukuma.

Wata biyar ciniki yana tafiya. An gyara rufin ɗaki, ni kuma na fara ganin kaina mai wayo. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Aka shiga wani lokaci da ake ta raɗe-raɗin cutar dabbobi, hukuma ta ƙara sa ido a kan duk naman da ya shigo daga waje. Masu duba kaya suka shiga kantin Siddiƙ, suka ɗaga ledar kilishi, suka ga Najeriya, suka ce ya kawo takardar shigo da kaya da shaidar likitan dabbobi na can. Ba shi da ko ɗaya, ba kuma zai samu ba, tunda naman kogi ɗaya kawai ya ƙetare, daga Umdurman zuwa Khartum. Ya ce shi saye yake yi, ga sunan mai kaya nan a rubuce. Suka kwashe kilishin, suka aika wa Gwaggo takardar sammaci.

A nan ne na fahimci abin da ban yi tunani a kai ba. Layin da na rubuta don ya ƙara wa kilishin daraja ya mayar da shi naman fasa-ƙwauri. Wanda bai zauna a Sudan a wancan zamani ba ba zai gane nauyin wannan kalma ba. Shari'ar kasuwa ba ta ɗaukar lokaci, a kama mutum da hantsi, kafin azahar an gama da shi, kuma ba ka san wane ofishi zai karɓi maganarka daga wane ba. Ga wani abu kuma da ya fi wannan. Gwaggo ta sha fama kafin ta samu takardar zama 'yar ƙasa. Shekara da shekaru ana ce mata ta kawo shaidar kakanni, ita da aka haifa a lungun. Yanzu ga sunanta a rubuce, ƙarƙashinsa an sa Najeriya, a kan tebur ɗin hukuma.

Ihsan ce ta zo har ƙofar masaukin ɗalibai da rana tsaka. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Mama na kira," ta juya. Na bi ta, muka hau hafla muka tsallaka gada.

Na tarar da Gwaggo zaune a kan angarib, gadon igiyarsu, da ledar kilishi ɗaya a cinyarta. Ihsan ta riga ta karanta mata. Duk da haka ta miƙo min ta ce, "Habibu, karanta min takardar nan. Duka."

Na karanta. Da na kai layi na huɗu na yi ƙasa da murya, ta ce ba ta ji ba, na maimaita. Ta gyaɗa kai ta ce, "To." Ban taɓa jin kalmar da ta yi min nauyi kamar wannan ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Ihsan ta fara da Hausa, da ranta ya ɓaci ta koma Larabci. Ta ce gobe za ta gaya musu wanda ya rubuta, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Gwaggo ta bar ta har ta gama, sannan ta ce ba za a ambaci sunana ba. "Da iƙama yake zaune," in ji ta, tana nufin takardar izinin zama ta baƙo. "Shekara ɗaya ta rage masa. Idan suka kore shi, da wane ido zan aika wa ɗan'uwana saƙo? Ni dai nan ne gida, duk abin da za su yi a nan za su yi shi." Na so in yi gardama, amma na yi shiru, kuma na san tsoro ne ya rufe min baki, ba ladabi ba.

Washegari da safe muka je ofishin. Ta sa farin mayafinta na zuwa suna, ta ce in zauna a benci a baranda kada in motsa. Ƙofar ba a rufe take ruf ba, ina jin komai. Mai binciken wani siririn dattijo ne mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya. Ya ce mata hanya biyu ce. Ko dai naman daga Najeriya ya shigo ba takarda, wannan sai kotu. Ko kuma na nan ne aka yi masa ƙaryar asali, wannan ha'inci ne, yana da nasa hukunci, amma bai kai wancan ba. Ta ce na nan ne. Ya ce, "Ya Hajja, duk wanda na kama haka yake faɗa." Ya tambaye ta wa ya rubuta dibajar. Ta ce, "Sunana ne a kai." Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ba da ni ba. Na ji ya ja numfashi, na ji ƙarar takarda, ya ce to shi ba shi da yadda zai yi sai ya tura maganar gaba.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tura ƙofa na ce ni na rubuta, ta ce in sa Sudan na sa Najeriya, kuma da ta ce in karanta mata na tsallake layin. Gwaggo ba ta kalle ni ba. Dattijon ya dube ni ya daɗe, ya ce in kawo iƙamata. Ya duba hoton, ya duba fuskata, ya jefa ta a aljihun tebur ya tura.

Ya ce, "Me kake karantawa?"

Na ce, "Shari'a."

Ya mayar da idonsa kan dibajar da ke gabansa.

Sai Gwaggo ta sa baki. Ta ce masa gani ya kori ji. Jibi ranar yanka ce, ya zo kwata ya ga inda take saye, ya biyo ta gida ya ga inda take yi. Ya ce ba aikinsa ba ne bin mutane gida. Ta ce, "Na sani. Roƙo nake." Ya juya alƙalami a hannunsa na ɗan lokaci, sannan ya tambayi sunan mahaucin.

Kwana biyun nan ban san me aka koyar a aji ba. Duk motar da ta tsaya a ƙofar masauki sai in leƙa ta taga. Na tsara a zuciyata wasiƙar da zan rubuta wa mahaifina, na kasa wuce gaisuwa.

Ranar ta zo, ya kuma zo. Rana ta ɗan fito muka same shi a ƙofar kwata yana ɗage jallabiyarsa daga jini da ruwa. Usmanu ya nuna masa cinyoyin da ya ware wa Gwaggo, kowace da shunin hatimin likitan dabbobi a jikinta, ya ce shekara goma sha wani abu ke nan shi ke ba ta nama. Dattijon ya shiga ya yi magana da likitan, ya fito, ya hau raksha tare da naman, mu muka bi a wata. A gida aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya zauna ya kalli Gwaggo tana feɗe nama, ya ɗaga gidan sauron ya duba ƙarƙashinsa, ya shinshina labun, ya tambayi ruwan da ake kwaɓawa da shi daga ina. Ta sa aka kawo masa shayi da kilishin jiya. Ya sha shayin, ya ƙi kilishin, ya ce sai an rufe magana.

Kafin ya tashi ya kira ni. Ya ce, "Kai kana ganin layin nan ado ne, kamar suna a jikin mota. Adireshi ne. Idan wani ya ci ya kwanta, ni ake tambaya daga ina. Da na bi takardarka, sai in rufe iyaka in bar gidan da cutar take a buɗe." Ya ce a unguwarsu an taɓa sayar da wata madarar gari a buhu ba rubutu, yara suka yi ta gudawa, aka yi makonni ba a gano ta inda ta shigo ba, kuma ɗaya daga cikin yaran ɗan ƙanwarsa ne.

Bayan kwana uku aka kira mu. An rubuta cewa nama na gida ne, ba maganar kotu. Kilishin da aka kama za a ƙone shi, akwai tara, kuma kada a sake kai ko leda ɗaya kanti sai da sabuwar dibaja da ya gani da idonsa. Sannan ya ja aljihun tebur ya ciro iƙamata. Ya riƙe ta bai sake ba sai da ya ce, "Hajja ce ta karɓar maka." Da muka fito na zauna a dakalin wata mai shayi. Gwaggo ta zauna kusa da ni ta ce a kawo mana biyu, a ƙara sukari a nawa. Ban taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba. Ihsan ma, da ta yi kwanaki ba ta dube ni ba, ta ce, "Yaya Habibu, sha kafin ya huce."

Ba zan ce gaskiya ta kawo mata arziki ba, don ba ta kawo ba. Siddiƙ bai sake karɓar kaya ba, ko don tsoro ko don abin da ya faɗa tun farko. Sabuwar dibajar, mai Umdurman da Sudan, ta samu shiga wasu ƙananan kantuna biyu a nan cikin Umdurman, cinikinsu bai kai rabin na wancan ba. Dattijon nan dai ya dawo bayan wata ɗaya, ba a bakin aiki ba, ya saya da kuɗinsa. Gwaggo ta ci gaba da zuwa kwata har idonta ya hana. Ba ta sake tayar min da maganar ba, ba ta kuma hana ni riƙe mata aikin maɗaba'a ba. Abu ɗaya ne ya sauya: duk takardar da na kawo, ni da kaina nake kai wa Ihsan ta fara karanta mata.

Ranar da zan bar Sudan na durƙusa a gabanta na nemi gafara yadda ya kamata, domin a duk tsawon shekarar ban samu ƙarfin yin haka ba. Ta ce, "Na yafe tun ranar da na ce ka zauna a benci ka ƙi zama." Sannan ta ƙara, "Amma da ka san yadda zuciyata ta buga da ka turo ƙofar nan." Wannan ne ganina da ita na ƙarshe. Shekaru bayan haka Ihsan ta bugo waya ta ce Mama ta cika bayan gajeriyar jinya, da azuminta na Sha'aban a baki kwana biyu kafin ta kwanta.

Idan na auna abin da ta bari, ba shi da yawa a ido. Sana'ar ta tsaya da ita, don Ihsan aikin asibiti take yi, jikokin kuma Hausar ma sai gaisuwa. An sayar da wuƙaƙen, gadon karan ya zama makamashi. Amma na gama karatuna, na dawo, na yi shekaru ina koyarwa, kuma duk ɗalibin da ya amfana da ni yana da rabon Gwaggo a ciki ko bai san sunanta ba. Na kuma gode wa Allah da asirina ya tonu tana raye. Da abin ya tafi lami lafiya, da har yau ina ɗauke da albarkar da ta sa min a kan ƙarya, ba kuma wanda zan je in roƙa.

A unguwarmu ni ne wanda tsofaffi ke kawo wa takarda. Ta asibiti, ta fili, ta makarantar jika, har kwalin magani. Sun san ni da jan lokaci, don yatsa nake sawa a ƙarƙashin kowane layi, har da ƙananan rubutun can ƙasa da ba wanda ke kula su. Makon jiya wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta kawo min takardar gonar da 'ya'yan mijinta suke so ta dangwala wa hannu. Na yi ta karantawa, ta gaji da zama, ta fara naɗe mayafi. Ta ce, "Malam, ai ya isa haka, na gane."

Na ce, "Ki ɗan ƙara haƙuri, Iya. Saura layi ɗaya."